Hutun da ma'aikaci bai ɗauka ba bashi ne a kan kamfani

Ranar da na ajiye aiki a wani kamfanin jigilar kaya a jihar Texas ta ƙasar Amurka, bayan shekara uku ina tare da su, takardar albashina tana nuna cewa ina da awa 96 na hutu da ban ɗauka ba, wato kwana 12 cur na aiki. Duk bayan mako biyu nakan ga adadin ya ƙaru a ƙasan takardar, har na saba kallonsa kamar ajiya. Da albashin ƙarshe ya shigo, sai na tarar an share shi, kuma ba a ƙara mini ko sisi ba. Jami'ar kula da ma'aikata ta buɗe littafin ƙa'idojin kamfanin, ta aza yatsa a kan layin da ya ce hutun da ba a ɗauka ba ya faɗi ranar barin aiki, sannan ta gaya mini cikin ladabi cewa doka ba ta hana su ba. Gaskiya ta faɗa, kuma wannan ne ya fi ci mini tuwo a ƙwarya.

Mutane da yawa a gida ba su san cewa dokar ƙwadago ta tarayyar Amurka, wadda aka kafa tun 1938, ba ta wajabta wa kowane kamfani ya ba ma'aikaci hutun shekara mai albashi ba, ballantana ta ce a biya shi kuɗin wanda ya rage. An bar wa jihohi maganar, kowace da tata. A Texas sai idan kamfani ya yi alkawarin biya a rubuce ne za a tilasta masa. A California kuwa, tun hukuncin da kotun ƙolin jihar ta yanke a 1982, hutun da ma'aikaci ya tara albashi ne da aka jinkirta biyansa, don haka ba ya faɗuwa, kuma wanda aka sallama dole a biya shi nan take, in kuwa kamfani ya yi jinkiri da gangan, ana iya cin tararsa har albashin kwana 30. Kotun ƙolin Colorado ma ta bi wannan layi a 2021. Ke nan ma'aikata biyu na kamfani ɗaya, masu aiki iri ɗaya, ɗaya zai fita da haƙƙinsa a aljihu, ɗayan ya fita hannu rabbana, don kawai iyakar jiha ta raba su.

A ganina alƙalan California ne suka fahimci lamarin. Lokacin da mutum ya karɓi aiki, ba albashin wata kaɗai ya duba ba, ya haɗa da kwanakin hutun da aka yi masa alkawari, kuma sau da yawa saboda su ne ya haƙura da albashin da bai kai yadda yake so ba. Duk watan da ya yi aiki, ya riga ya biya kuɗin wani yanki na hutun da guminsa. Idan bai ɗauka ba, kamfanin ne ya ci moriyar waɗannan kwanaki, domin a cikinsu yana bakin aiki. Kuma mu faɗa wa kanmu gaskiya, da wuya ma'aikaci ya ƙi hutu don ganin dama. Ni dai sau biyu na nemi nawa, aka ce in dakata saboda aiki ya yi yawa, hannaye sun yi kaɗan.

Masu kamfanoni suna da hujjar da ba zan yi watsi da ita ba. Suna cewa an yi hutu ne don jiki ya huta, kuma idan aka mayar da shi kuɗi, ma'aikata za su riƙa tara shi suna gallaza wa kansu. Turai ta amsa wannan tun tuni. Dokar Tarayyar Turai ta 2003 ta ba kowane ma'aikaci aƙalla mako huɗu a shekara, ta hana a musanya su da kuɗi muddin yana kan aiki, amma ta buɗe ƙofar biya idan aikin ya ƙare. A 2018 kotun Tarayyar ta ce hutu ba ya faɗuwa haka kawai sai kamfani ya nuna ya ba ma'aikaci cikakkiyar damar ɗaukarsa, har ma ta ce idan ma'aikaci ya rasu magadansa suna da haƙƙin karɓar kuɗin. A Birtaniya kwana 28 ne ga mai aikin kwana biyar a mako, kuma ana biyan ragowar ko da korar mutum aka yi.

Abin da ya ba ni mamaki shi ne, a kan wannan batu dokar Najeriya ta fi ta Texas tausayin ma'aikaci. Sashe na 18 na Dokar Ƙwadago ya ba shi hutun aƙalla kwana 6 na aiki bayan wata 12, ya haramta biyan kuɗi a madadin hutu ga wanda bai bar aiki ba, ya kuma tanadi kashi ɗaya cikin 12 na albashin mako guda a kan kowane wata ga wanda ya tafi bayan ya cika wata 6 amma bai kai shekara ba. Kwana 6 sun yi kaɗan ƙwarai, dokar kuma ba ta shafi manyan jami'ai da ƙwararru ba, waɗanda dogaronsu yake kan takardar yarjejeniyar aiki. Ga shi kuma da yawa daga cikin waɗanda dokar ta shafa ba su da takardar ɗaukar aiki da za su nuna wa Kotun Ma'aikata.

Yanzu wasu kamfanoni a nan Amurka sun ɓullo da abin da suke kira hutu mara iyaka. Sunan yana da daɗin ji, amma tunda ba a ƙidaya kwanakin, babu abin da ya taru, saboda haka ranar tafiya sai a ce babu abin biya. Da sabon wurin aikina suka gabatar mini da wannan tsari, na roƙe su su rubuta mini adadin kwanaki a cikin yarjejeniya, tare da layi ɗaya da ke cewa za a biya ni abin da ya rage idan na tafi. Sun ɗauki mako guda suna shawara kafin su amince, sannan na sa hannu.