Amaravati Biyu Ce, Kuɗin Mota Ma Biyu

Tun da na sauka a Guntur, a jihar Andhra Pradesh ta Indiya, 'yan ajinmu suke damuna da zancen Amaravati: wata katafariyar kubba ta mabiya Buddha a bakin kogin Krishna, wadda aka soma ginawa tun kafin haihuwar Annabi Isa (AS), aka ƙawata ta a zamanin sarakunan Satavahana na Dharanikota. Rannan dai na shirya, na tare mai a-daidaita-sahu na ce masa "Amaravati". Ya kaɗa kai irin nasu, wanda ba ka gane ko e ne ko a'a. Muka yi ciniki, muka ɗau hanya.

Can sai ya taka birki kusa da Velagapudi, ya nuna min ofisoshin gwamnati da 'yan sanda a bakin ƙofa, yana ta washe baki. Na ce, "Malam, ina Buddha?" Ya nuna min ɗan sanda.

Ashe sunan na wuri biyu ne. Da aka raba jihar a 2014 Hyderabad, babban birninta, ta faɗa cikin sabuwar jihar Telangana, sai aka raɗa wa sabon babban birni sunan tsohon garin, Firayim Minista Narendra Modi ya aza tubalinsa a Oktoban 2015. Tsohon garin yana can yamma a gaɓar kogi, kuma tun 2022 an yanke shi zuwa gundumar Palnadu. Mai son zuwa ya ce "Amaravati stupa", wato kubbar, ko ya hau bas daga tashar Guntur, tafiyar kilomita 30 da 'yan kai. Direbana kuwa ya ce sabuwar tafiya, sabon ciniki.

Muka isa rana na dukan ƙeya. Na ɗaga kai ina neman kubba, babu komai sai sararin Allah. Mai gadi ya nuna min wani tudu mai da'ira na tsohon bulo, faɗinsa kusan mita 50. Na ce sauran fa? Ya ce, "Chennai, Landan." Bai yi ƙarya ba. A ƙarshen ƙarni na 18 basaraken yankin ya sa aka yi ta kwasar bulo da duwatsun wurin don gina sabon gari. Wani Bature, Colin Mackenzie, ya zo ya gani a 1797, wani kuma, Walter Elliot, ya yi haƙa a 1845 ya kai sassaƙaƙƙun fararen duwatsun zuwa Madras (Chennai ta yau), daga can fiye da 100 suka ƙare a British Museum na Landan. Wasu kuma suna gidan tarihin da ke gefe, wanda ba ya buɗewa ranar Juma'a. Ni kuwa Juma'a na zaɓa, wai don ba mu da darasi.

Yunwa ta kora ni gidan abinci. Aka shimfiɗa min ganyen ayaba, aka tula shinkafa, aka ɗora wani ɗan curi a gefe. Na sinsina: yakuwa! Su gongura suke ce mata, abin alfaharinsu. Na ce ikon Allah, ni za a koya wa cin yakuwa? Na kwashe curin duka na aika baki.

Jama'a, kirɓa ta ake yi da soyayyen busasshen barkonon Guntur da tafarnuwa, shi ya sa ake sa ta kaɗan. Ƙa'ida ita ce ka ɗibi kamar kan yatsa, ka cuɗa da shinkafa mai zafi da man shanu. Idonka ya raina fata kuma, kada ka nemi ruwa, don zafin barkono mai yake bi, ruwa sai dai ya yaɗa shi. Nono ake sha, ko shinkafa da kindirmo. Na san wannan ne bayan na shanye butar ruwan teburina da ta maƙwabci.

Mai abincin ya miƙo min kofin nono, ya dafa kafaɗata cikin tausayi, ya ce wannan ai ta baƙi ce, tasu tana ciki, ko a kawo min in ɗanɗana?