Su sun ajiye koginsu a gilashi, mu namu yana bakin Gwaggo

Wata Asabar a cikin watan Oktoban da ya wuce na ɗauki 'yata mai shekara tara muka tashi daga Flagstaff, garin da nake zaune a jihar Arizona ta Amurka, muka yi tafiyar awa ɗaya da rabi zuwa bakin kwazazzabon da ake kira Grand Canyon. Idan na ce kwazazzabo, abin da zai faɗo wa mutumin gida a rai shi ne irin wanda ruwan damina ke yankawa a bayan gari, alhali wannan tsawonsa kilomita 446 ne, zurfinsa ya haura kilomita ɗaya da rabi, kuma duwatsunsa hawa-hawa suke, ja da ruwan ƙasa da ruwan toka, kamar atamfofin da aka jera a rumfar ɗan kasuwa. Can ƙasa, inda ido ke kaiwa da ƙyar, kogin Kolorado ne ke ratsa hamadar kamar zare.

A bakin ramin akwai wani gidan katako da ke maƙale a jikin dutse, wanda wasu 'yan'uwa biyu masu sana'ar hoto, Ellsworth da Emery Kolb, suka fara ginawa a 1904. Da yake babu ruwa mai tsabta a sama, Emery kan ɗauki hoton masu yawon buɗe ido suna gangarawa a kan alfadarai, ya sheƙa da gudu kusan kilomita bakwai zuwa wata maɓuɓɓuga da ke cikin kwazazzabon ya wanke hotunan, sannan ya hawo kafin mutanen su dawo don ya sayar musu. A watan Satumban 1911 su biyun suka shiga kogin da jirage biyu na katako da kyamarar majigi, ba su kammala tafiyar ba sai Janairun 1912, kuma Emery ya ci gaba da haska wannan majigi a gidan har rasuwarsa a 1976. Hoton da ya tsayar da ni shi ne na ɗaya daga cikin jiragen bayan dutse ya fasa masa ciki, an jawo shi kan gaɓa, ɗayansu yana leƙowa ta cikin hujin. Mutum ya kusa hallaka, amma kafin ya nemi ƙusa da guduma sai da ya kafa kyamara.

Ina cikin kallon wannan hoto sai wata dattijuwa daga cikin masu kula da wurin, tabarau na rataye a wuyanta, ta matso ta tambaye ni daga ina muka fito. Na ce daga Najeriya, kuma saboda abin da ba zan kira shi da wani suna ba sai alfahari, na ƙara da cewa ni ma ɗan bakin kogi ne, a Yelwan Yawuri aka haife ni, kuma kakana ya ƙare rayuwarsa yana tuƙa jirgi a Kwara tsakanin Yawuri da Busa tun kafin a gina madatsar ruwa ta Kainji. Fuskarta ta washe, ta ce lallai danginmu suna da hotuna masu ban sha'awa na wancan zamani. Ba da izgili ta faɗa ba, kuma da izgili ne da na fi samun sauƙi. Sai 'yata ta ɗago kai ta ce, da Turanci: “Baba, ina hoton kakan naka? Ban taɓa gani ba.” Na ce mata yana gida. Ƙarya na yi wa yarinyar, domin babu shi a gida, babu shi a ko'ina.

Haushin wannan rana ne ya sa na shafe makonni ina bin tsofaffin hotunan kogin Kolorado, waɗanda ɗakin karatu na jami'ar da ke Flagstaff da wasu cibiyoyi suka ɗora a intanet kyauta. John Wesley Powell, tsohon soja mai hannu ɗaya, ya bi kogin a 1869 da mutum tara da jirage huɗu, amma babu mai hoto a cikinsu, saboda haka da ya sake komawa a 1871 bai maimaita wannan kuskure ba. Hoto kuwa a lokacin ba danna maɓalli ba ne. Sai mai hoto ya kafa ɗan tanti mai duhu a kan yashi, ya shafa wa farantin gilashi magani, ya saka shi a kyamara tun yana jiƙe, ya ɗauka, ya koma tanti ya wanke kafin ya bushe, kuma duk wannan kaya mai nauyi a gadon baya ake hawa duwatsu da shi. Jack Hillers, wanda aka ɗauka aikin tuƙi, ta hanyar dakon waɗannan akwatuna ya koyi sana'ar har ya zama gwaninta. Saboda wahalar irinsu ne yau kowa zai iya ganin jirgin Powell da kujerar da aka ɗaure masa a kai don ya riƙa hango ruwan da ke gaba.

Wanda ya fi girgiza ni shi ne labarin Robert Stanton, injiniyan da ya shiga kwazazzabon a 1889 don auna ko za a iya shimfiɗa layin dogo a ciki. Mutum uku ruwa ya ci a zangon farko, har da shugaban kamfanin. Da suka dawo da jirage masu ƙwari, mai hotonsu Franklin Nims ya faɗo daga kan dutse a ranar farko ta shekarar 1890 ya karye, sai Stanton, wanda bai san aikin ba, ya karɓi kyamarar ya ci gaba. Ba a taɓa gina layin dogon ba. Amma bayan shekara ɗari wasu masana ƙarƙashin Robert Webb na hukumar binciken ƙasa ta Amurka suka bi sawunsa, suka tsaya daidai inda ya tsaya, suka sake ɗaukar fiye da wurare 400. Da aka jera tsoho da sabo, aka ga wasu tsirrai na hamada suna nan da ransu bayan ƙarni guda, aka ga inda yashin gaɓa ya ragu tun da madatsar Glen Canyon ta tare ruwa a 1963. A wajen mutanen nan hoto shaida ne da ake kira ya tsaya a gaban alƙali, ba abin ado na bango kawai ba.

Shekara biyar bayan tasu madatsar, a 1968, tamu ta Kainji ta cika. Tsohuwar Busa ta nutse tare da duwatsun da Mungo Park ya hallaka a kansu a 1806, gungunan da mutane suka zauna tun kaka da kakanni suka nutse, aka tayar da dubban mutane. Masana sun yi bincike kafin ruwan ya hau, amma ni dai ban taɓa ganin hoto ɗaya na wancan kogin a bangon wata makaranta ko ofis a garinmu ba. Idan yau na ce da can Kwara kaza take a Yawuri, wa zai tsaya mini shaida? Hotunan koginmu da ke yawo a wayoyinmu iri biyu ne: na manyan baƙi a rumfa ranar bikin rigata, wato gasar tseren jirage, da na gawarwaki a gaɓa, irin na jirgin da ya kife da mutane fiye da ɗari kusa da Warra a watan Mayun 2021.

Za a ce talauci ne, ni kuwa ban yarda ba. Kyamara ta daɗe da shigowa ƙasarmu, kuma da wuya a sami gidan da babu hoton biki ko na dawowa daga Makka. Za a ce tsofaffinmu ba su saki jiki da hoto ba saboda fatawar malamai, amma a zaurukan waɗannan tsofaffin ne na ga an rataye hoton Sardauna da na Shehu Ibrahim Inyass. Abin da ya faru shi ne mun yanke wa kanmu hukuncin wanda ya cancanci a ɗauka: sarki da malami da amarya. Mutumin da ke tsaye a bayan jirgi da filafili, rigarsa jiƙe, ba mu ga abin ɗauka a jikinsa ba. Waɗanda muka ɗauka ɗin ma ba mu riƙe su ba. Na tuna ranar da aka buɗe adakar mahaifina bayan rasuwarsa, aka tarar gara ta shiga ta ƙasa ta mayar da rabin hotunan gari, sauran kuma damshi ya manne su, idan aka ɓare ɗaya sai fuskar ta bi bayan ɗayan. Wani daga cikinmu ya ce a zubar, kuma ban ce uffan ba.

Adalci ya sa in faɗa cewa hotunan Amurkawan ma suna da nasu ƙarairayin. Maɓuɓɓugar da Emery Kolb ke wanke hoto gonar mutanen Havasupai ce, 'yan asalin wurin, hukuma ta kori na ƙarshensu a 1928, kuma sai a 2022 aka sa wa wurin sunansu. Powell ya sa an yi wa 'yan ƙabilar Paiute ado da tufafin da ba nasu ba kafin Hillers ya ɗauke su, don su yi kama da abin da mutanen birni ke son gani. Mu da aka koya wa a firamare cewa Mungo Park ne ya gano Kwara mun san wannan ɗabi'a, kuma hotunan da Turawan mulki suka ɗauke mu suna can Landan da Oxford, galibi babu sunan kowa a ƙarƙashi. Duk wannan gaskiya ne, amma bai sanyaya mini zuciya ba, domin jikan Paiute yana iya zuwa ya ga fuskar kakansa ko da a cikin rigar aro.

Wata Lahadi da safe, lokacin da ya yi daidai da bayan la'asar a gida, na kira Gwaggo, ƙanwar mahaifina, wadda ita kaɗai ta rage cikin 'ya'yan kakana. Sunansa aka sa mini, saboda haka ba ta taɓa kama sunana ba. Bayan gaisuwa na ce: “Gwaggo, don Allah yaya kamannin Malam suke?” Ta yi dariya ta ce: “Babana, yau kuma me ya tashi?” Ba ta faɗi tsawonsa ko launin fatarsa ba. Ta ce tafin hannunsa ya yi kanta har idan ya shafa kanta tana jin kamar ɓawon itace, kuma da ya dubi launin ruwa da safe yakan san ko an yi ruwan sama a can yamma. Ta lissafa mini gungunan da yake yada zango ɗaya bayan ɗaya, da wanda ake sayen albasa, da wanda ba a kwana a kansa, da inda sai an sauke kaya an ja jirgi da igiya saboda duwatsu. Wajen minti arba'in tana magana, ni kuma da wayar da za ta iya naɗar kowace kalma a hannuna, ban tuna in danna ba sai da layi ya fara yankewa. Abin da na ji na ƙarshe shi ne: “Shekara bakwai ke nan, Babana. Yaushe za ka kawo mini yarinyar nan in gan ta da idona?”

'Yata tana zaune kusa da ni duk tsawon hirar, kuma kalma ɗaya ce ta kama a ciki. Da na ajiye waya ta tambaye ni me ya sa tsohuwar ke kirana babanta alhali ta girme ni. Na buɗe baki da niyyar yi mata bayani da Hausa, sai na ji Turanci ne ke fitowa.