Bayan hannu ba ma'aunin zazzaɓi ba ne

A daminar bara, wani dare bayan sallar isha'i a gidanmu da ke Ƙofar Ƙaura, uwargida ta miƙo mini autarmu ta ce, "Malam, taɓa ka ji, jikin yarinyar nan rau." Na ɗora bayan hannuna a goshinta na ce ban ji komai ba. Gwaggo, wadda ta kawo mana ziyara daga Daura, ta taɓa ta ce ai wuta ce, a yi maza a sayo maganin maleriya a kemis. Daga baya na lura cewa ni kofin shayi mai zafi na ajiye, ita kuwa Gwaggo fitowarta ke nan daga alwala da ruwan randa. Kowannenmu zafin hannunsa ya auna. Sai da maƙwabciyarmu, ma'aikaciyar jinya, ta shigo da ma'aunin zafin jiki, ta share gumin hammatar yarinyar, ta saka ma'aunin a ciki, ta danna hannun yarinyar a kai har ya yi ƙara, sannan muka ga 38.6.

Zafin jikin mai lafiya yana kusan digiri 37 a ma'aunin Salshiyas, adadin da likitan Jamus Carl Wunderlich ya yaɗa a 1868 bayan ya auna ɗimbin marasa lafiya. Yakan ɗan sauka da asuba, ya ɗan hau da yamma, kuma awon hammata yakan gaza na baki da kusan rabin digiri. Daga 38 zuwa sama ne likitoci ke kiransa zazzaɓi.

Abin da na fi so mu fahimta shi ne, zazzaɓi alama ce, ba shi ne ciwon ba. Ƙwaƙwalwa ce ke ɗaga zafin jiki da gangan domin yaƙar ƙwayoyin cuta, shi ya sa mutum ke rawar ɗari alhali jikinsa na ƙuna, mu kuma sai mu tula masa barguna, wanda a ganina ƙara wa wuta itace ne. Maleriya na kawo zazzaɓi, amma haka ma ƙyanda, sanƙarau, taifot da ciwon huhu. Tun 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a gwada jini kafin a ba da maganin maleriya, amma har gobe a Katsina da wuya ka ji an ce zazzaɓi ba a ɗora wa sauro laifi ba. Ita autarmu, da aka gwada ta washegari, babu maleriya a jininta. Ciwon kunne ne ya taso mata.

Ban ce ma'auni ya maye gurbin asibiti ba. Jaririn da bai kai wata uku ba, da zarar ya kai 38, a tafi da shi ko da tsakar dare ne. Haka yaron da ya yi jijjiga, ko wuyansa ya sanƙare, ko ya ƙi kama nono, ba a tsayawa awo. A sauran lokuta kuwa, a auna kafin a ba da farasitamol, a rubuta adadin da lokacin, domin likita ya fi amfana da "39 da ƙarfe biyun dare" a kan "jikinsa ya kwana da zafi."

Ni dai tun daga wannan dare, duk gidan sunan da za mu je, sai na sa uwargida ta haɗa ma'auni ɗaya cikin kayan barka, tare da sabulu da atamfa.