Samarin kasuwa, bashi ma yana da ajali a kotu

'Yan'uwana masu ba da kaya bashi a kasuwannin Garwa, Marwa da Kusiri, kunya da "bari sai bayan salla" suna cinye muku jari ba ku sani ba.

Kamaru da Chadi duk suna ƙarƙashin dokar kasuwanci ta OHADA (ƙungiyar da ke daidaita dokokin kasuwanci a wasu ƙasashen Afirka), dokar da aka sabunta a 2010. Sashe na 16 ya ba da shekara biyar a kai ƙarar bashin da ya taso daga harkar ciniki, sai fa inda wata doka ta gajarta. Amma in ɗan kasuwa ya sayar wa ɗan kasuwa kaya don ya je ya sayar, sashe na 301 ya ce shekara biyu ce kacal. Nan ne aka fi faɗawa. Ka ba mutum buhu 40 na albasa a kan zai biya ranar 1 ga Maris 2024, to 1 ga Maris 2026 na wucewa, da ya ce wa alƙali lokaci ya ƙure, ƙararka ta mutu, ko da littafinka na hannunka. Haƙƙin yana wuyansa a wurin Allah, amma kotu ba za ta karɓo maka ba.

Sintiri zuwa rumfarsa, kiran waya, har takardar gargaɗi, babu wanda ke tsayar da lissafin wa'adin. Abin da ke mayar da shi farko shi ne ya amsa bashin, ko ka shigar da ƙara. Saboda haka, kafin wa'adi ya matso ka zaunar da shi cikin mutunci ya rubuta: ni wane, wane yana bi na sefa kaza, ga kwanan wata, ga sa hannu. In ya rage wani abu, ko dubu biyar ce, a rubuta, ko ya turo ta Orange Money don saƙon ya zauna a wayarka.

In za ku je sulhu gaban liman ko sarkin kasuwa, ku rubuta ranar da kuka amince. Sulhu dakatar da lissafi yake yi, ba ya goge kwanakin baya.

In ya ƙi, nemi umarnin biya daga kotu, wanda ake kira injonction de payer. Da an ba ka, sai huissier, wato jami'in da ke isar da takardun kotu, ya kai masa cikin wata uku, in ba haka ba umarnin ya zama banza.