Tsohuwar Mizuri da memorin Inna

Ina haya a ɗakin ƙasa na gidan wata tsohuwar Baturiya a garin Kolambiya, jihar Mizuri ta Amurka. Ƴar Katolika ce, ta haura saba'in, kuma ita ke kaɗa musu ogan a coci. Ogan ɗin nan wani abin kiɗa ne mai kama da teburin tela, ana danna shi da yatsu ana taka shi da ƙafa, iska na fita ta dogayen bututu har kujerar da kake kai ta yi rawa.

Farkon Nuwamban 2024 na hau kai mata kuɗin haya, na tarar da ita a teburin kicin, tabarau a kan hanci, kofi ya huce, littafin waƙoƙin coci mai kaurin bulo a buɗe, tana liƙa ƴan takardu rawaya a wasu shafuka. Ashe bishop ɗinsu na Jefferson City a lokacin, Shawn McKnight, ya fitar da doka cewa a daina rera waƙoƙi 12, haɗe da duk waƙoƙin wasu mawaƙa uku da aka zarga da lalata. Su 12 ɗin laifinsu a kalmomi yake. Tun 2020 kwamitin aƙida na bishop-bishop ɗin Amurka ya fitar da ma'aunin tantance waƙa. Su a imaninsu gurasar da ake rabawa a coci tana zama jikin Almasihu ne, to waƙar da ta maida abin kamar cin tuwo na zumunci ta gaza.

Da bakina na gida na ce, "Mama, ashe ƴan bidi'a ne ke rubuta muku waƙa shekara da shekaru?" Ta cire tabarau ta dube ni. Ta ce bishop ya ce kalmomin ba su cika ba, bai ce mai su ya bar addini ba. "Ni kuwa ogan aka ba ni, ba alƙalanci ba."

Wallahi sai na ji kunya. Matar nan ranta a ɓace yake, ɗaya daga cikin waƙoƙin da ita aka yi jana'izar mijinta, amma ta ƙi jifan kowa da kalmar. Daga baya na gane abin a rubuce yake. Doka ta 751 a kundin cocinsu ta ce ba a kiran mutum karkatacce sai in an yi masa baftisma, ya musanta ginshiƙin aƙida ko ya yi shakkarsa, kuma ya kafe. A Roma akwai ofishin da aka kafa tun 1542 don wannan bincike. Ko a 2008, da suka hana furta sunan Ubangiji na Ibrananci cikin waƙa, takarda ce ta fito da sa hannun Kadinal Francis Arinze, ɗan maƙwabciyarmu Najeriya. Shi bishop ɗin ma, da ƙorafi ya yi yawa, ko mako biyu ba a yi ba ya janye haramcin waƙoƙin 12, ya ce a zauna a ji ta bakin jama'a, na mawaƙan nan uku kawai ya bari.

Kada wani ya ce Amurka ta juya mini kai. Na san cocin nan ta sa an ƙone Jan Hus a 1415 da Giordano Bruno a 1600 bisa zargin karkata. Mu ba mu da fafaroma, ban kuma ce a naɗa mana ba, malamanmu na zaure sun ishe mu. To amma su malaman wa ke jin su yanzu? A garinmu Damagaram, daga Birni zuwa Zango, yaron da bai sauke izu goma ba in ya samu lasifika da batir ya zama mufti. Mai bege ɗan bidi'a, mai mandiri mushiriki, wancan ɓangaren kuma ya rama da ɗan ƙungiya maƙiyin Annabi. Kafin la'asar an raba wuta da aljanna a gindin bedi. Ranar 16 ga Janairun 2015 ina gari, na ga hayaƙin cocin da aka cinna wa wuta a kan zanen Annabi da wasu suka yi a Faransa, kuma ban ji wanda ya tsaya tambayar wa ya yanke hukuncin ba.

Abin da ya sa maganar tsohuwar ta soke ni, a gidanmu yake. Inna tana da memorin waya cike da bege da ƙasidu, su take ji tana tsince gero. Ƙanena, wanda na goya a bayana zuwa Kasuwar Dole, ya ɗauki wayar da sunan zai sa mata caji, ya goge su tas. Wai yana tsare mata lahira ne. Matar da ta koya masa Fatiha! Da na kira shi sai ya ce, "Yaya, kai da ke zaune cikin arna me ka sani?"

Daren da na sauko daga wajen tsohuwar na tura wa Inna saƙon murya, na ce ta rera mini wanda take yi mana in an ɗauke wuta muna kwance a tsakar gida. Sai da gari ya waye can ta amso. Ta rera baiti biyu, muryar ƙasa-ƙasa kamar mai gudun a ji ta, ana jiyo zakara da ƙarar kabu-kabu a bayanta, sannan ta ce in goge in na gama saurare.