Atishawar Alhaji da Ganawar Sarkin Magani

Teburin mai shayi a bakin Kasuwar Dawanau, da sanyin safiyar Janairu. Hazo ya rufe gari. Sarkin Magani ya baje kwalabe a tabarma yana gyangyaɗi. Ga Alhaji Bakano, ido jajur, hanci na zuba.

ALHAJI: Attishaa! Alhamdu lillahi.

MAI SHAYI: Yarhamukallahu.

ALHAJI: Attishaa! Attishaa! Attishaa!

BAZAZZAGI: Ta huɗu ke nan. Malamai sun ce in ta wuce uku mura ce, mu mun sauke nauyi. Kai Bakano, har atishawa sai ka yi ta a sari?

ALHAJI: Rufe mini baki. Tun da hunturu ya kama nake haka. Ba zazzaɓi, ba ciwon jiki, sai ƙaiƙayin ido da maƙogwaro. In na shiga sito ana juye gero, sai ka ce an watsa mini barkono.

MAI SHAYI: A tashi Sarkin Magani mana.

BAZAZZAGI: A'a, kar a katse shi. Ya ce ba barci yake ba, ganawa yake da mutanen ɓoye.

SARKIN MAGANI: (ya zabura) Na ji komai! Alhaji, iska ce ta shafe ka.

BAZAZZAGI: Wannan kam gaskiya ne. Ta gabas.

SARKIN MAGANI: Ga zuma farar saƙa, ga citta, ga kanumfari, ga habbatus sauda. Ka haɗa da tafarnuwa ƙwaya bakwai. Da dare ka lulluɓa da bargo ka yi surace da ganyen darbejiya. Sannan ga turaren nan, ka rufe ƙofa da taga ka banka shi.

ALHAJI: Turaren da ka ba ni makon jiya? Daren da na kunna shi, Hajiya ta kwashe yara ta koma ɗakin uwargida. Shekara goma ba sa ga-maciji, a daren suka shirya.

SARKIN MAGANI: Ka ga aikin magani ke nan.

(Malamin asibiti ya iso da takunkumi a fuska.)

MALAMIN ASIBITI: Alhaji, wannan ba murar sanyi ba ce. Jikinka ne ke ɗaukar ƙura a matsayin abokin gaba, sai ya saki wani sinadari, histamin, shi ke kawo ƙaiƙayi da zubar hanci. Dangin borin jini ne. Hazon nan kuwa yawancinsa daga Bodele yake tasowa, wani busasshen tafki a ƙasar Chadi. Ƙurarsa har dajin Amazon take kaiwa.

ALHAJI: Daga Chadi? Ba kwastan, ba kuɗin mota?

BAZAZZAGI: Ji shi, har ya fara lissafin riba.

MALAMIN ASIBITI: Zuma da citta da lemun tsami a ruwan ɗumi suna lallashin maƙogwaro, ka sha abinka, sai dai ba a ba jaririn da bai shekara ba zuma. Suracen ma yana buɗe hanci na ɗan lokaci, in ba ka kifar da tukunyar a cinyarka ba. Amma hayaƙi, ko na turare ko na maganin sauro, ƙara wa Borno dawaki ne.

SARKIN MAGANI: Yaro man kaza! Kakana da hayaƙin nan ya warkar da mutum ɗari.

BAZAZZAGI: Suka daina atishawa?

SARKIN MAGANI: Ɗif!

BAZAZZAGI: Numfashin fa?

MALAMIN ASIBITI: Ka tafasa ruwa kofi ɗaya, ka sa gishiri rabin ƙaramin cokali, ya huce, ka wanke hanci safe da yamma. Ka ɗan shafa man kaɗanya a bakin hancin. Yara su yayyafa ruwa kafin shara. In za ka shiga sito ka sa takunkumi. In kuwa ka ji ƙirji na kukan usur ko numfashi na sarƙewa, ka taho asibiti, kar ka tsaya dafa citta.

ALHAJI: Takunkumin korona? Ina da katan uku tun 2020, sun ƙi sayuwa. To duka nawa zan biya?

MALAMIN ASIBITI: Kuɗin gishiri.

ALHAJI: Ba ragi?

SARKIN MAGANI: Gishiri! Shekara talatin ina cikin ƙurar kasuwar nan, wa ya taɓa jin na yi ati... ati... ATTISHAA!

(Hularsa ta faɗi. Wani sacet na ƙwayoyi ya gangaro gaban Malamin asibiti.)

MALAMIN ASIBITI: Piriton. Yana kwantar da atishawa kam, amma barci yake sawa.

MAI SHAYI: Au, ashe ganawar ke nan!

SARKIN MAGANI: Ba nawa ba ne. Na mutanen ɓoye ne, su ma hunturun nan bai bar su ba.

BAZAZZAGI: Yarhamukallahu, Sarki. Saura biyu, ka yi tattali.