Tsuntsun da ya ja ruwa: nasiha ga ƙannena masu tsokana a filin ƙwallo

Ranar Lahadin da ta wuce, bayan sallar La'asar, na tsaya kallon wani wasa na gasar hutu da unguwanni ke yi a nan Garwa, kuma abin da idona ya gani shi ne ya hana ni yin shiru. Wani yaro da bai wuce sa'an ɗana ba ya jefa ƙwallo a raga, ƙwallo mai kyau kuwa wadda ta cancanci tafi. Maimakon ya juya wajen abokansa su rungume shi, sai ya sheƙa da gudu har gaban bencin abokan karawa, ya ɗora yatsa a leɓe, ya juya musu baya yana karkaɗa ƙugu, sannan ya ware yatsunsa biyar ya yi musu daƙuwa, alhali a cikin waɗanda ke zaune akwai mai horar da su, mutum mai furfura wanda ya haifi kamarsa. Alƙalin wasa yana kallo, hannunsa bai je aljihu ba. Ba a jima ba wani mai tsaron baya ya bi yaron ya sa masa ƙafa ta mugunta, 'yan kallo suka ɓarke cikin fili, duwatsu suka fara tashi, kuma wanda aka ɗauka a kan babur zuwa asibiti da fasasshen kai wani ƙaramin yaro ne mai tallar ruwan sanyi, wanda bai san hawa ba bai san sauka ba.

Ƙannena, ban ga laifin murna ba. Mu da muka ga Roger Milla na Kamaru a gasar cin kofin duniya ta 1990 a ƙasar Italiya, yana da shekara 38, yana rawa a gindin tutar kusurwa bayan ya ƙwace ƙwallo daga ƙafar Higuita mai tsaron gidan Kwalambiya, ba za mu ce wa kowa kada ya taka rawa ba. Amma ku lura, Milla tuta ya nufa, bai koma ya tsaya a kan Higuita yana yi masa gwalo ba, ko da yake mutumin ya yi wautar da duniya ba ta manta ba har yau. Mai murna mutanensa yake nema. Mai tsokana kuwa fuskar wanda ya ci yake nema, domin daɗinsa ba ya cika sai ya ga ran wani ya ɓaci, kuma wannan ba halin ɗan halas ba ne ko a fili ko a wajen fili.

Na san inda kuka samo wannan ɗabi'a, domin ina ganinku a gidajen kallo na Yelwa da sauran unguwanni, kun cika benci har lokacin Magariba ya wuce ba wanda ya motsa. A gasar cin kofin duniya ta 2022 a Katar, kun ga 'yan wasan Ajantina suna ruga wa 'yan Holan suna yi musu ihu a fuska bayan bugun fenareti na ƙarshe, wani ya kama kunnuwansa yana musu iya shege, mutane suna durƙushe cikin baƙin ciki, a wasan da aka raba katin gargaɗi fiye da 15. Kun ga mai tsaron gidansu Emiliano Martinez ya karɓi kyautar safar hannu ta zinariya a gaban manyan baƙi ya yi abin kunya da ita, sannan ya rungumi 'yar tsana mai fuskar Mbappe, ɗan wasan Faransa da suka doke a wasan ƙarshe, a bikin da aka yi a birninsu. Washegari kuwa, a kowane fegi da aka kafa duwatsu biyu a matsayin raga, sai ga yaro ɗan shekara goma yana kwaikwayon wannan rashin ta-ido. Shi ya sa idan ana gardama a kan ko ya kamata a riƙa hukunta ƙwararrun 'yan wasa saboda tsokanar abokan karawa, ni ba na ɓoye ra'ayina: a hukunta su, hukunci mai zafi, domin abin da suka yi a gaban kyamara a Turai, mu ne muke girbarsa a nan inda babu shinge, babu 'yan sanda jere, babu motar asibiti a bakin fili.

Abin takaici shi ne dokar tana nan a rubuce. Hukumar IFAB mai tsara dokokin ƙwallo ta faɗa a doka ta 12 cewa ɗan wasan da ya yi murnar cin ƙwallo ta hanyar tsokana ko izgili ko tunzura jama'a a ba shi katin gargaɗi, wanda kuma ya yi zagi ko alamar cin mutunci a ba shi jan kati. Tun gasar 1970 a Meziko ake amfani da waɗannan katuna. Bayan abin da Martinez ya riƙa yi wa masu bugun fenareti, an ƙara wa doka ta 14 magana a 2023 cewa kada mai tsaron gida ya ɗauke hankalin mai bugu ta hanyar da ba ta dace ba. Amma alƙalai sun fi ƙwarewa wajen hukunta abin da ido ke gani da sauƙi. Ku tuna daren 2 ga Disamba 2022, lokacin da Vincent Aboubakar, wanda ƙungiyar Coton Sport ta nan garin ta raina, ya ci Brazil da ka a mintocin ƙarshe, Kamaru ta zama ƙasar Afirka ta farko da ta doke Brazil a gasar cin kofin duniya. Daɗi ya ɗebe shi ya tuɓe riga, alƙali ya ba shi katin gargaɗi na biyu, ya kore shi. Bai zagi kowa ba, bai nuna wa kowa yatsa ba, ya gaisa da alƙalin hannu da hannu ya fita yana murmushi. Doka ce, ban ce a sauya ta ba. Sai dai raina yana ɓaci idan na ga an kori wanda ya tuɓe rigarsa don farin ciki, an kuma ƙyale wanda ya tsaya a kan ɗan'uwansa da ya faɗi yana zazzaga masa baƙar magana, don kawai alƙali ba ya son a ce ya ɓata wasa.

Wasu za su ce ai tsokana gishirin wasa ce, kuma namiji ba ya kuka don an yi masa gori. Su je su tambayi ma'aikacin filin da aka jefa a Manchester a watan Satumba na 2009. Emmanuel Adebayor ɗan Togo ya ci tsohuwar ƙungiyarsa Arsenal, ya yi gudu tun daga wannan raga har waccan, ya zube a gwiwa a gaban magoya bayanta, su kuma suka shiga jifa da duk abin da hannunsu ya kai, har wani mai gadin fili ya ji rauni. An ci shi tarar fam 25,000, kuɗin da bai kai albashinsa na mako ɗaya ba. Gaskiya ne magoya bayan sun daɗe suna zaginsa, kuma idan ɓera da sata daddawa ma da wari, amma shi ne mai riga da lamba, shi ne yara ke liƙa hotonsa a ɗaki. Su kuma tuna wasan ƙarshe na gasar cin kofin duniya ta 2006 a Balin, inda Materazzi na Italiya ya jefa wa Zidane na Faransa magana a kan 'yar'uwarsa, Zidane ya tunkuye shi a ƙirji, aka kore shi a wasansa na ƙarshe a duniya, Faransa ta rasa kofi. A filin, wanda ya rama shi kaɗai ya ga jan kati, sai daga baya FIFA ta dakatar da Materazzi wasa biyu, lokacin da kofi ya riga ya isa Italiya. Wane darasi yaro zai ɗauka a nan, in ba cewa baki yana cin wasan da ƙafa ta kasa ci ba? Hatta Amurkawa, waɗanda ba a san su da kawaici ba, a tasu ƙwallon da ake runguma da hannu, tsokanar abokin karawa tana jawo a mayar da ƙungiya baya yadi 15, kuma wanda ya maimaita ana iya korarsa daga wasan.

Kada kuma wani ya kawo mini zancen kirari ko wasan barkwanci. Ɗan kokawa yana kirarinsa kafin a kama, yana wasa kansa da ubangidansa da garinsu, amma idan ya kayar da mutum ba ya zagin uwarsa, sau da yawa ma shi ne ke miƙa masa hannu ya tashe shi. Bafulatani da Babarbare suna yi wa juna shaguɓe a kasuwa har mai sauraro ya riƙe ciki, amma wasa ne da kakanni suka shata masa iyaka, kowa ya yarda da shi, kuma ba a yin sa a lokacin da ɗayan yake cikin baƙin ciki. Wanda aka zura wa ƙwallo a gaban unguwarsu, jininsa yana tafasa, ƙanwarsa da budurwarsa suna kallo, ba abokin wasanka ba ne a wannan lokacin. Magana zarar bunu ce, kuma baki shi ke yanka wuya. Allah Ya hana izgili a fili cikin Suratul Hujurati, inda Ya ce kada wasu mutane su yi wa wasu izgili, mai yiwuwa ne waɗanda ake yi wa sun fi su alheri, ban kuwa ga inda aka keɓe filin ƙwallo daga wannan hani ba.

Wani abin da ke ƙara wa wutar fetur shi ne caca. Rabin masu ihun nan a bakin fili sun sa kuɗi a kan wasan, wasu kuɗin cefanen gidansu, wasu kuɗin da suka kwana suna acaɓa suka tara, saboda haka daƙuwar da yaro ya yi tana sauka ne a kan zuciyar da ta riga ta yi asara. Ƙara da ƙwayar tiramol da wasu ke haɗiya kafin su shiga fili wai don kada su gaji, sai ka ga ido ya yi ja, kunne ya toshe. Ga kuma masu ɗaukar hoto da waya, waɗanda ba ƙwallon suke ɗauka ba, jira suke a yi rashin kunya su watsa a TikTok da WhatsApp, yaron ya kwana yana ƙirga masu yaba masa. Mafi ciwo a wurina shi ne manyan da na gani suna tafi da shewa, masu gemu, waɗanda ya kamata su tsawata. Mai dokar barci ya ɓige da gyangyaɗi.

Ban ce ina da maganin abin a hannuna ba. Alƙalai su ji tsoron Allah su yi aiki da katin da ke aljihunsu, masu shirya gasa su daina kau da kai don yaro ya iya ƙwallo ko don ubansa ne ya sayi riguna, hukumar ƙwallon ƙasa da ta Afirka su ma su dubi lamarin da idon basira. Ku kuma ƙannena, ku sani duniya rawar 'yan mata ce, na gaba ya koma baya. Wanda ka yi wa gwalo yau, da shi za ka haɗu a zagaye na biyu a filin unguwarsu, kuma tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, ko da yake a wannan zamani har da tsuntsayen da ke kwance cikin sheƙarsu yake dokewa.

Da can, lokacin da muke buga ƙwallon tsumma ba takalmi, idan ka yi wa babba rashin kunya a fili, kafin ka isa gida labari ya riga ka, kuma wanda zai fara zane ka maƙwabci ne, ubanka kuwa godiya zai je ya yi masa. Kyaftin ɗin ƙungiya shi ne yayan kowa, idan ya harare ka sai ka shiga taitayinka. Ana tashi wasa a sha ruwa a kwano ɗaya, waɗanda suka ci su raka waɗanda aka ci har bakin unguwarsu. Ko a 2008, da Coton Sport ta kai wasan ƙarshe na gasar zakarun Afirka, Al Ahly ta Masar ta ɗauke kofin a nan filin wasa na Rumde Ajiya, zuciya ta yi zafi amma mutane suka watse suka koma gidajensu. Yanzu maƙwabci ba ya iya tsawata wa ɗan maƙwabcinsa sai uwar ta fito da zani a ɗamare, dattawa sun daina zuwa kallo don gudun jin abin da zai zubar musu da girma, kuma yaron da bai iya tare ƙwallo da ƙirji ba ya haddace alamun cin mutunci iri-iri, yana gwada su a tsakar gida a gaban ƙannensa, uwarsa tana dariya tana cewa wai ƙuruciya ce.